Araha Ba Ta Tada Mota

A wannan wata mun ajiye zancen makaranta da jarrabawa a gefe, za mu leƙa ƙarƙashin bonet ɗin mota, domin wani abu da ya faru a unguwarmu a nan Kumasi wanda har yau bai bar zuciyarmu ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ana buga mana ƙofa da ƙarfi. Da muka buɗe sai ga wani maƙwabcinmu, tsohon ɗalibinmu ne, yanzu direban tasi, yana haki. Ya ce, "Malam, a taimaka, iyalina ce naƙuda ta kama, mota kuma ta ƙi tashi." Muka fita da fitila, muka tarar an riga an sa baiwar Allah a kujerar baya. Ya murɗa makulli, mota ta yi ƙyas-ƙyas sau uku, ta yi shiru. Samari huɗu suka fito don a tura, sai muka tuna motar irin mai sauya giya da kanta ce, wadda ko an tura ta daga nan har Tamale ba za ta tashi ba. Babu mai wayar jona batir a kusa. Sai da aka yi kusan awa guda kafin aka taso wani mai keken haya daga barci ya kai su asibiti. An sauka lafiya, an sami ɗiya mace, har mun ci suna. Amma duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar nan a daren ya san cewa da abin ya zo da gardama, da wani labari muke ba ku yau.

Bayan suna muka zaunar da shi muka tambaye shi tarihin batirin. Ashe na hannu ne, wata biyar ke nan da saye, kuma shi ne na uku da ya saya cikin shekara ɗaya da rabi. Muka ce me ya hana ka sayi sabo? Ya ce, "Malam, sabo ya fi ƙarfina." To, wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mun san ba shi kaɗai ne ke faɗinta ba. A zangonninmu, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Nima ta Akra zuwa Bawku, gidaje da yawa da mota suke ci. Ranar da mota ta kwana ba ta fita ba, ranar tukunya ba ta hau wuta da wuri ba.

Bari mu fara da sanin shi kansa batirin. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a shekarar 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba. Akwati ne mai ɗaki shida, kowane ɗaki da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da wuta bolt 2 da ɗan kai, in an haɗa shida a sami bolt 12 da ɗoriya. Waɗannan faranti su ne ake nufi in ka ji masu shago a Magazin ta Suame suna tambaya ko mai fileti 13 kake so ko mai 15. Babban aikin batir shi ne ya juya injin na 'yan daƙiƙoƙi. Da zarar mota ta tashi, altaneta ce ke karɓar aiki, ta ba fitilu da rediyo wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Wato batir kamar asusu ne: a cira da safe, a mayar a kan hanya. In ana cira ba a mayarwa, kowa ya san ƙarshen zancen.

Shekara nawa batir ke yi? A ƙasashe masu sanyi, mai kyau yakan yi shekara huɗu zuwa biyar. A ƙasar zafi irin tamu, in ya ba ka shekara biyu zuwa uku ya biya ka. Mutane da yawa suna zaton sanyi ne ke kashe batir, saboda da asubahin hunturu ne mota ta fi ƙin tashi. Gaskiyar ita ce zafi ne ke cin sa a hankali, sanyi kuwa tona asiri kawai yake yi. Zafi yana ƙafar da ruwan ciki, yana kuma sa farantan su ruɓe da sauri. Saboda haka 'yan'uwanmu na Bolga da Wa da Bawku, inda zafin watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, kada su auna kwanan batirinsu da na mutanen bakin teku. Haka nan wanda ya sayi mota 'yar Turai ko Amurka daga tashar jiragen ruwa ta Tema, ya sani batirin da ta zo da shi ya riga ya ci rabin rayuwarsa ko fiye a can, ya kuma yi makonni a jirgi ba a tada shi ba.

Bayan zafi, akwai abubuwa huɗu da muke yi da hannunmu. Na farko, gajeriyar tafiya da yawan kashewa da tadawa. Direban da ke kashe inji a kowace tsayawa don tattalin mai, altaneta ba ta samun lokacin cika batir. Batirin da ya daɗe bai cika ba kuwa, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantansa, in ya yi tauri ba ya narkewa, batirin ya daina riƙe wuta. Na biyu, girgiza. Batirin da ba a ɗaure shi ba, ko aka ɗaure da tsumma da robar taya, kowane rami ya faɗa sai farantansa sun zubar da wani abu. Na uku, ɗora masa aikin da ba nasa ba. Tun zamanin dumso na shekarun 2014 da 2015, lokacin da wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa dare da rana, wasunmu suka saba cire batirin mota su kunna fanka da talabijin har ya mutu murus. Batirin mota ba a yi shi don a tatse shi ƙaf ba. In aka yi masa haka sau da yawa, ya gama. Na wutar gida da na sola irinsu daban ne. Na huɗu, zuba masa ruwan da bai dace ba. In batirinka mai murafu ne, ruwan ya ja baya, tataccen ruwan da ake sayarwa a kwalba don wannan aiki za ka ƙara, har ya rufe farantan. Ban da ruwan famfo, ban da na rijiya, ban da fiya wata, domin duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata shi. Kada kuma a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan.

Yanzu sai mu zo ga kuɗi, inda gizo ke saƙa. Kusan duk batiran da ke kasuwarmu daga waje ake shigo da su, daga ƙasashe irin su Koriya da Turkiyya da Sin da Indiya, da dala kuma ake sayo su. Duk lokacin da sidi ya faɗi, batir ya tashi. Mun gani a shekarar 2022, lokacin da darajar sidi ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba. A irin wannan hali ba a zargin talaka in ya nufi na hannu. Amma mu malamai lissafi muka sani, don haka ku ba mu aron hankalinku mu yi shi kamar a aji. Lambobin nan na misali ne, kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa.

A ɗauka sabon batir sidi 1,200 ne, ya yi wata 30. Raba 1,200 gida 30, ka sami sidi 40 a wata. A ɗauka na hannu sidi 500 ne, ya yi wata shida kamar na ɗalibin nan namu. Raba 500 gida shida, ka sami sama da sidi 83 a wata. Cikin wata 30 ɗin da sabo ɗaya zai yi, mai sayen na hannu ya sayi biyar, ya kashe sidi 2,500. Ga shi ya biya ninki biyu da ɗoriya, alhali kullum yana ganin tattali yake yi. Ba mu ma sa kuɗin caji ba, ba mu sa safiyar da fasinja suka sauka suka hau wata mota ba, ba mu sa kuɗin mai mota da dole a kai masa ko an fita ko ba a fita ba. Daren naƙuda kuwa ba shi da farashi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mu kuma mun ƙara da cewa ba ta tada mota.

Mun san abin da za a ce: Malam, ba lissafin ne ba mu gane ba, dunƙulallen kuɗin ne babu. Gaskiya ne. Amma batir ba haɗari ba ne da ke faɗowa ba sallama. Tun ranar da ka saya ka san ranar mutuwarsa tana tafe. A misalin da muka bayar, wanda ke ajiye sidi 2 kullum a wajen mai susu, cikin wata 20 ya tara kuɗin sabo, tun na jikin motar bai gaza ba. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshinmu, da suke tara kuɗin biki da na rasuwa, me zai hana su buɗe adashin batir da taya? In mutum goma suka je shago ɗaya tare, ragin da za a yi musu ba irin na mutum ɗaya ba ne.

In ka tashi saye, ga abin da za ka kula da shi. Ka sayi girman da aka tsara wa motarka. Ƙaramin batir a babban inji ba ya daɗewa. Ka nemi a nuna maka ranar da aka ƙera shi, domin batir yana tsufa ko a kan kanta yake. Wanda ya haura wata shida a ajiye, ka nemi wani. Ka sa a auna shi a gabanka: cikakke yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Ka karɓi rasit da takardar garanti, a rubuta kwanan wata, ka adana su tare da takardun mota. Sannan kafin ka ɗaura sabo, ka sa mai gyaran wutar mota ya auna altaneta. In inji na aiki, ya kamata awo ya tsaya wajen bolt 14. In ya gaza sosai, batir ba zai cika ba. In ya haura 15, dafa shi take yi. Mutane da yawa sun binne batir biyu ko uku, alhali mai laifin tana nan a jikin inji.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata mu bari, wato cire kan batir inji na aiki, don a gwada altaneta ko don a mayar wa mai aro batirinsa. A tsofaffin motoci an sha yi an kwana lafiya, amma motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki, wutar da ta yi tsalle tana iya ƙona ta, kuɗinta kuwa ya ninka na batir. Gara kowane direba ya ajiye wayar jona batir a but. Kan batir in ya yi farin gari, a wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, a kula kada ya shiga ciki, a ɗaure tam. In za a cire batir, a fara da waya mai alamar ragi. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da batirin da ke caji, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafarmu mu da ke tsayawa gaban yara kullum. Mataccen batir kuɗi ne, domin fiye da rabin nauyinsa dalma ce, shi ya sa 'yan kondem ke nemansa, masu shago da yawa kuma sukan rage maka farashi in ka ba su tsohon. Ka sayar da shi a rufe yadda yake. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a narka dalmar a inda ake girki ko inda yara ke wasa. A wata unguwa da ake kira Thiaroye a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Yaron da bai mutu ba ma, dalma tana dakushe masa ƙwaƙwalwa, lahanin kuma ba ya gyaruwa. Samarinmu da ke wannan sana'a su riƙa sauya tufafi da yin wanka kafin su ɗauki 'ya'yansu.

Ɗalibin nan namu dai ya sayi sabon batir da gudummawar suna, ya rubuta ranar saye da fenti a jikinsa, ya kuma buɗe susu na sidi 2. Jiya da asuba mun ji motarsa ta tashi bugu ɗaya. Kai mai karatu, in kana da mota ko kana tuƙa ta wani, buɗe bonet yau ka tambayi kanka watan batirinka nawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.