Bargon ƙyalle: a daina yi wa gefe ɗinkin jeka-na-yi-ka

A hunturun da ya wuce wata Hajiya ta dawo wa ƴar wana da bargon da ta saya a hannunta. Wanki biyu kacal aka yi masa, gefe ya buɗe, auduga ta leƙo. Yarinyar ta shafe fiye da wata guda tana haɗa ƙyallayen atamfa da ta tsinto a shagunan teloli a nan Maraɗi, tsakiyar bargon kuwa kamar ka sace ka gudu. Ta zo mini da hawaye tana cewa, "Goggo, wallahi haka aka koya mana." Na yarda da ita, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ga wanda bai san aikin ba, irin wannan bargo hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai zane a baya. Ana ɗame su cikin zoben katako, irin wanda mata ke yi wa zanen gado ado da shi amma ya fi girma, a bi da allura da hannu. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, don kada yadi ya tattare. Sai an iso gefe wahalar take bayyana. Zoben ba ya samun abin kamawa ta ɓangare ɗaya, yadi ya saki, ɗinki ya karkace. A nan ne aka ce wa yaran su cire zobe su hau keke su zarce.

Alhali maganin ba ya cin ko dala. Tun wajen yanka ake barin auduga da zanen baya su zarce fuskar da kamar yatsu huɗu. In an matso gefe, a samu tsohon zane ko tawul a liƙa shi da manyan ɗinki na wucin gadi, zoben ya kama shi, a ɗinke har ƙarshe, sannan a warware shi a yi kalmasa. Matan Amurka da suka daɗe a wannan sana'a haka suke yi, har ma akwai zobe mai siffar rabin wata da ake sayarwa musamman don gefe. Darasin yini ɗaya ne. To me ya hana a koyar? A ganina, tsakiyar bargo ce ke fita a hoto ranar bikin yaye ɗalibai. Gefe sai mai saye ya kwana da shi zai san halinsa.

Na san abin da za a ce: lokaci kuɗi ne, kuma ga bargunan Sin jibge a kasuwa da araha, wa zai biya ladan ɗinkin hannu? Gaskiya ne, a farashi ba za mu taɓa kamo su ba. Amma ai shi ya sa nake magana. In mai ɗinkin hannu ta rasa araha, abin da ya rage mata shi ne ƙarko. Ta saki wannan ma, me za ta ce wa mai saye? Bargo kuwa ta gefe ake jansa, ta gefe ake matse shi, nan yaro ke cusa yatsa.

A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, matan baƙar fata, jikokin bayi, da tsofaffin kayan aikin gona suke ɗinka barguna don sanyi ne kawai. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 hotunansu suka hau kan sarkin gidan wayar Amurka. Da ba su jure shekaru ana rufa da su ba, babu abin da za a rataya a bango. Matan Siddi na Karnataka a Indiya, waɗanda asalinsu ƴan Afirka ne, su ta gefe ma suke fara bargonsu da suke kira kawandi, su yi ta zagayawa har su cimma tsakiya. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Ga masu cibiyoyin koyar da mata sana'a, roƙona kada a miƙa wa yarinya takardar shaida sai ta kawo bargo an wanke shi a gaban malama, an matse, an duba kusurwoyinsa huɗu. Mu masu saye kuma mu rage ciniki irin na rashin tausayi, in mun juya gefe mun ga aikin allura ne.

Ƴar wana ta warware gefen nan duka. Na ba ta wani tsohon zanena ta yi ƙari da shi, kwana tara tana kai. Hajiya ta karɓi kayanta, ko da yake har yau ba ta sake aiko da wani aikin ba.