Masu hoto na da labari, amma wa zai biya kuɗin fim ɗin?

Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, fim mai dogon zango ne ke ci. Labarina, Izzar So, Kwana Casa'in, duk ana bin su a Maradi da Damagaram kamar yadda ake bin su a Kano. To amma labarin kusan ɗaya ne: soyayya, gado, siyasa. Akwai wata sana'a a gabanmu da ta isa a yi mata zango goma, ita ce ta masu ɗaukar hoto.

Ku tuna da shagon mai hoto na unguwa: labule mai zanen bene, furen roba, wayar tangaraho da ba ta haɗe da komai. Amarya ta shiga nan, ɗan lakwal mai neman hoton jarrabawa ya shiga, ɗan ci-rani ya ari kwat don ya aika wa gida shaida cewa ya samu. Kowane mai shiga labari ne, kuma ga mai shirya fim akwai sauƙi, don ɗaki guda ya ishe shi rabin aikin. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare ta matasan birnin a shekarun 1960 da 1970. Ya rasu a 2014. A Mali, Malick Sidibé da irin wannan aiki ya ci kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Yau salula ta cinye kasuwar, sai hoton katin shaida da na biki suka rage.

Matsalar dai kuɗi ce. Mai kallo ba ya biya, YouTube yake buɗewa, data kawai yake saya. Ke nan sai tallan kamfanoni, kuma kamfanin da ya fi saurin sa hannu a aljihu shi ne mai sayar da waya ko layi. Kun ga abin dariya: wanda ya kashe sana'ar shi za a roƙa ya biya kuɗin ba da labarinta. Zai yarda, amma da sharaɗin jarumin ya ƙare da salula a hannu yana murmushi.

Sai batun tsofaffin hotunan kansu. Fim irin wannan ba ya tsayuwa sai da su, kuma suna cikin kwalaye a hannun magada, zafi da gara na cin su. Duk mai shirin wannan aiki ya sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko, ya biya iyalan, ya rubuta sunan mai hoton. Ya kuma nemi izinin waɗanda ke ciki. Budurwar da ke rawa a hoton 1970 yau hajiya ce mai jikoki, ba lalle ta so a nuna ta a talbijin ba.