Idan kare ya kwanta ciwo a hannun wanda aka bar wa amana

1/ Jama'a, bari mu yi maganar da ba a cika yi ba. Mutum zai yi tafiyar Sallah ko hutun ƙarshen shekara, sai ya bar karensa a hannun maigadi, ko ɗan maƙwabta, ko irin yaran nan da ake biya su kula da karnuka a Abuja da Kaduna. Kwana biyu, kare ya daina cin abinci. 🧵

2/ A ganina, abin da ya fi kashe karnuka a irin wannan hali shi ne shirun mai jiran kare. Yaro ya ga kare na amai, gabansa ya faɗi, ya ce bari in gani zuwa gobe kada Oga ya ce ni na jawo. Goben nan ita ce matsalar.

3/ Kuma tsoronsa na da dalili. Ya san idan ya kira, kafin a tambaye shi "ya jikin karen?" za a fara da "me ka ba shi?" Wani har a albashinsa za a cire. Mutumin da ya san haka zai ɓoye, ko ni ne ko kai.

4/ To ga abin da masu karnuka da yawa ba su sani ba. Cutar amai da gudawar jini ta 'yan kwikwiyo, wadda likitoci ke kira fabo, takan yi kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta nuna. Irin maganin ɓeran da ke hana jini daskarewa shi ma sai bayan kwana 3 zuwa 5 ake ganin alamarsa. Zazzaɓin kaska kan kai mako ɗaya zuwa uku.

5/ Wato karen da ya kwanta kwana biyu bayan tafiyarka, mai yiwuwa da ciwonsa ka miƙa shi. Kana loda jaka a but, cutar tana ciki tana aikinta. Sai ka dawo ka tasa yaron mutane gaba da tuhuma. Haba.

6/ Kai kuma da aka bar wa kare, ka kira mai shi tun a alamar farko. Bai ɗauka ba? Tura saƙo a WhatsApp da bidiyo, ka rubuta lokacin da abin ya fara, sau nawa ya yi amai, me ya ci. Likita zai buƙaci wannan bayanin, kuma shi ne shaidarka idan magana ta taso.

7/ Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, idan kare ne da ya saba da kai. Na mai lafiya jaja-jaja yake, da damshi. Ka gan shi fari fat, ko ya koma ɗorawa, wannan ba na jira ba ne.

8/ Akwai guda ɗaya da nake so kowa ya riƙe, musamman masu manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin na 'yan sanda. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kare na ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, yana dalalar da yawu, ya kasa zama wuri ɗaya. Tumbinsa ne zai iya kasancewa ya murɗe. Wannan awoyi ake magana, kuma tiyata ce kawai ke ceto. Ko ƙarfe biyun dare ne, a fita.

9/ Don Allah kada ka ba shi Panadol ko ibufurofen daga kemis. Na san niyya mai kyau ce, amma suna iya lalata masa hanta, ƙoda da tumbi. Haka ɗura masa manja ko madara yana cikin amai, zai iya shaƙewa ya wuce huhu. Idan ka ga kwalin abin da ya ci, tafi da shi wurin likita.

10/ Akwai wasu karnukan a gidan? Ware mara lafiyar, ka wanke wurin da Hypo. Ƙwayar fabo takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba.

11/ Ka kuma kula da kanka. Kare mai ciwo yana cizon ko wanda ya sani. Idan ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar, ka nemi katin rigakafinsa. Ciwon haukan kare idan ya nuna alama, kusan ba a tsira.

12/ Na san wani zai shigo ya ce "duk wannan a kan kare?" Eh, Malam. Rai ne, kuma amana ce. Wuce kawai 😅

13/ Mu dawo kan masu karnuka, don a nan nauyin yake. Ka bar buhun abinci ka ce "ka kula min da shi", shi ke nan? Ina lambar likitan dabbobi? Ina katin allura? Yaron da ba shi da dubu biyar a aljihu, da me zai kai kare a yi masa ƙarin ruwa, alhali kai kana jirgi waya a kashe?

14/ Ka bar kuɗi, ko ka yi magana da likita tun kafin tafiya. Ka faɗa da bakinka: "Idan ba ka same ni ba, kai shi, ka kashe har kaza, ni zan biya." Ka nuna masa asibitin dabbobi mafi kusa, ka kuma san mai adaidaita ko mai motar da zai yarda ya ɗauki kare, don ba kowa ke yarda ba. 'Yan Zariya kuna da asibitin koyarwa na dabbobi a ABU, na Sakkwato da Maiduguri ma jami'o'insu na da shi.

15/ Idan kuma an yi duk wannan kare ya mutu, wanda ya kwana yana goge amai shi ma yana cikin wani hali. Wasu sukan yi kwanaki ba barci suna lissafin inda suka yi sakaci. Kana son sanin dalili? Likita na iya binciken gawar, amma sai an kai ta da wuri, kafin zafin garinmu ya ɓata ta.