Kafin 'yan gwangwan su kwashe, mu tara wa yaranmu tsofaffin kwabbai



Kullum muna cewa "ba ni da ko sisi", "ko anini ba zan ƙara ba", "kwabo ya yi tsatsa". Yaranmu suna ji, suna ma maimaitawa, amma a tara ɗaliban firamare ashirin a tambaye su mene ne sisi, da wuya a samu wanda ya taɓa riƙe shi. Da yawansu ko kwandalar naira ɗaya ba su taɓa gani ba. A ganinmu wannan giɓi ne da za mu iya cikewa ba tare da ƙungiya ta kashe wani abin kirki ba, domin kayan suna cikin gidajenmu, a ƙasan adakar Hajiya, cikin gwangwanin allura da zare, ko a tsohuwar jakar Alhaji. Damuwarmu ita ce kullum raguwa suke yi. Masu tura baro suna bin lungu suna saye a kan kilo tare da ruɓaɓɓen ƙarfe, kuma abin da ya shiga wutar maƙera ya tafi ke nan.

Ga irin abin da muke so a duba. Mafi daɗin nuna wa yaro shi ne kwabo mai huji na zamanin Turawa, da ƙannensa ɗari da anini. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida, ga kuma rubutu da haruffan Larabci, wanda ɗan Islamiyya zai zauna yana ƙoƙarin haɗa baƙinsa. An fara buga anini a 1907, kuma na farkon da alminiyam aka yi shi, abin da ya sa yake cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Wanda ya ci karo da mai ɗauke da shekarar 1936 ya duba sunan sarkin da ke jiki. Edward na takwas bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba ya sauka, har ƙasarsa ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an sake su, kuma da yawa. Saboda yawansu ba su da tsada, sai dai labarin da ke jikinsu ya isa hirar dare guda.

Lissafin ma darasi ne. Anini goma kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam. A ba ɗan aji biyar ya nemo anini nawa ne a fam guda. In ya kawo 2,400 ya cancanci alawa.

Sai kuɗin 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki. Taro mai kusurwa goma sha biyu yana ɗauke da auduga, sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, sule biyu kuma gyaɗa. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, aka ci gaba da wannan tsari, sai dai rijiyoyin mai suka hau kan kwabo ɗaya, dalar gyaɗa ta Kano kuma ta hau kan kwabo 25. A jera waɗannan a kan tabarma, yaro zai ga da idonsa abin da ƙasar nan take ci da shi kafin mai, da lokacin da mai ya shigo. Mu da muka haura arba'in mun yi cefane da kwabo goma, kuma har yau cikinmu akwai masu ce masa sule, domin a canjin 1973 naira ɗaya ta zo daidai da sule goma. Na 1991 da na 2007 sun fi sauƙin samu: kwabo 50 mai masara, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya.

Na ƙasashen waje ba sai an yi oda ba. Alhazanmu suna dawowa da halala da riyal a aljihun jaka, babu inda za su kashe su. Direbobi da fatake masu zuwa Maraɗi ko Kwatano suna da sefa, kuma a can har gobe da kwandala ake sayen ƙosai. Yaro zai yi mamakin jin cewa Bahaushen Nijar yana ce wa sefa biyar dala, sefa ɗari kuma dala ashirin. Wanda ya samo na Gana ya gaya wa yaro cewa sunan sidi daga wuri ya samo asali, kamar yadda kalmarmu ta kuɗi jam'in wuri ce. In akwai wuri a gida a saka shi a farkon layi, shi ne kakansu duka.

Mun san za a ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa yake ta tsohon kwabo. Gaskiya ne, shi ya sa ma muka tsaya a kan cewa kada a saya sai in ya zama dole, kuma ko za a saya wajen masu tsofaffin kaya, kada ya wuce kuɗin biskit. Abin wasan roba da muke saya wa yara da Sallah ba ya kai mako, wannan kuwa ya riga ya yi shekara sittin ko tamanin bai lalace ba. Kuma yana tura yaro wajen kakarsa ya tambaye ta me sisi yake saya a zamaninta, maimakon ya wuni a kan waya. Mu a Suleja muna da ƙarin dalili. Dutsen Zuma yana bayan tsohuwar takardar naira ɗari, Ladi Kwali da ta yi aikin tukwane a garin nan tana bayan naira ashirin. Yaron da ya saba duba abin da ke jikin kuɗi shi ne zai lura da wannan, ya tambayi dalili.

Inda muke so a yi hattara sosai shi ne maganar dukiya. An daɗe ana yaɗa cewa kwabo mai huji yana ɗauke da wani sinadari, wai akwai masu sayensa miliyoyi, kamar yadda ake faɗa a kan tsohon dutsen guga da keken ɗinki. 'Yan damfara ne suke cin moriyar wannan zance. Za a ce ka kawo kuɗin gwaji, ko ka sayi guda uku a hannun wani don a cika adadin da "baƙon" yake nema, daga nan waya ta daina shiga. An buga waɗannan kwabbai da ɗimbin yawa, galibinsu ba su da wata daraja ta kuɗi, kuma in muka bari yara suka ɗauka taska ce, gobe za a fara buɗe akwatin iyaye a ɓoye. Haka nan tsohuwar dalar azurfa ta Mariya Tariza da mata suke ado da ita: kusan duk wadda za ka gani 1780 ce a jikinta, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har bayan ƙarni biyu, ga jabu ya cika kasuwa. Wannan ba ta yara ba ce, a bar wa masu ita. Sannan dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin naira da wulaƙanta ta, saboda haka kwandalolin da ba a soke ba kyauta za a bayar, kada a sa musu farashi, kada a huda su.

Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi, baki zai kai. Kada a goge da toka, yashi ko ruwan batir, domin rubutun ne zai tafi. Ruwa da ɗan sabulu sun isa, a shanya. Ajiya kuma kwali ne da farar leda da abin maƙala takarda, yaro ya rubuta ƙasa, shekara da sunan wanda ya ba shi da hannunsa.

Shawararmu ga shugabanni ita ce kowane gida ya duba abin da yake da shi, da izinin masu shi, a zo da su taro na gaba. Wanda yake da biyu iri ɗaya ya yi musaya da maƙwabcinsa, wanda ba ya son rabuwa da nasa a ɗauki hoto a mayar masa. In abin ya kankama, Babban Banki yana da gidan adana tsofaffin kuɗi a hedikwatarsa da ke Abuja, kuma daga nan ba nisa. Za mu iya rubuta takardar neman izini mu kai yara lokacin hutu, in iyaye sun yarda su haɗa kuɗin mota. Masu ra'ayi ko gyara su rubuta a ƙasa, musamman dattawanmu da suka kashe anini da hannunsu.

Sakataren Ƙungiya