Ba Ɗalibai Dama Su Auna Malaman Jami'a: Abin da Muka Gani a Makka

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan kiran da ake ta yi a gida Nijeriya, cewa a ba ɗaliban jami'a dama su riƙa auna koyarwar malamansu. Ina zaune a Ka'akiyya da ke kudancin Makka, kuma a ƙasar nan an daɗe ana yin hakan.

Tun 2004 Saudiyya ta kafa hukumar tantance ingancin manyan makarantu, NCAAA, kuma cikin abin da take dubawa har da ra'ayin ɗalibai a kan kowane darasi. Jami'ar Ummul Ƙura ta nan Makka, wadda ta faro daga Kwalejin Shari'a a 1949 ta zama cikakkiyar jami'a a 1981, tana bin tsarin kamar sauran. A ƙarshen zango ɗalibi zai tarar da jerin tambayoyi a intanet, abin da ake ce wa istibana: malam yana zuwa a kan lokaci? Ana gane bayaninsa? Ana samunsa a ofis? Tsari ne mai kyau a takarda. To amma a jami'o'i da dama ba a nuna wa ɗalibi sakamakonsa sai ya cike istibanar, kuma na sha ganin yaranmu na unguwa suna yi. Yaro hankalinsa yana kan makinsa, sai ya bi layi ɗaya daga sama har ƙasa yana danna "madalla", bai karanta ko tambaya guda ba. Wanda ya tsaya ya karanta kuwa, galibi sauƙin jarrabawa yake saka wa da alheri, tsanani kuma ya rama.

Ba laifin yaran ba ne. Ɗalibi bai isa sanin ko an koyar da shi da kyau ba sai ya je inda zai yi aiki da karatun. A kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya kowa ya san ba a yabon kankana a hannun dillali, sai an kai gida an yanka. Wasu masana biyu, Scott Carrell da James West, sun tabbatar da haka a binciken da suka wallafa a 2010 a kan makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka, inda ake raba ɗalibai ga malamai ba tare da zaɓi ba. Malaman da ɗalibansu suka fi cin darasin lissafi na farko su ne suka fi samun yabo, amma ɗaliban nasu suka riƙa gazawa a darussan da suka biyo baya. A Kanada ma, a 2018, mai sasanci ya yanke wa Jami'ar Ryerson hukuncin daina ɗaukar makin da ɗalibai ke ba malamai a matsayin ma'aunin ingancin koyarwa wajen ƙarin girma.

Kada a ɗauka ina cewa a bar malamanmu haka nan. Ciwon gida ya fi wannan muni, domin a can babu mai leƙa aji ko kaɗan. Malami yana hawa daga lakcara zuwa farfesa ne da yawan maƙalun da ya buga. Ko yana shiga aji ko ba ya shiga, wannan tsakaninsa da Allah. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC in ta zo tantancewa, ta fi ƙirga malamai da littattafai da ɗakunan gwaji. A irin wannan duhun ne tilasta sayen handawut ya samu gindin zama, da kuma abin kunyar neman lalata da ɗalibai da BBC ta bankaɗo a 2019 a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana.

Saboda haka a tambayi ɗalibi abin da idonsa ya gani: zuwa aji, sayar da takardu, wulaƙanci, neman lalata, jinkirin sakamako. A nan shaidarsa karɓaɓɓiya ce, muddin an ɓoye sunansa da gaske, kuma ba a ɗaure amsar da ganin maki ba. Ingancin koyarwa kuwa aikin malamai 'yan uwansa ne. Wani daga wata tsangaya ya zauna a bayan aji ya saurara, mai duba jarrabawa na waje ya karanta takardun amsa ba sa hannu kawai ba, sashe kuma ya bi sawun ɗaliban a aji na gaba. Sannan a yi adalci: wanda aka tara wa ɗaruruwan ɗalibai a zaure babu lasifika, ga yajin aiki irin na wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi a 2022, ba a auna shi da mai ɗalibai talatin.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku aika wakilanku Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su nemi ƙa'idojin ƙarin girman malamai, ku buga mana maki nawa aka ware wa koyarwa, kuma wa yake ba da shi.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Ka'akiyya, Makka.