Lambar IP Ba Adireshin Gidanku Ba Ce

Jama'a, akwai 'yar manhajar da ake maƙalawa a Chrome ko Firefox na kwamfuta, da ka danna ta nuna maka lambar IP ɗinka da garin da kake. A ganina babban amfaninta ɗaya ne: kunna VPN, sannan ka duba. In har yanzu Najeriya take nunawa, VPN ɗin bai ɓoye ka ba.

Amma kar wani ya razana ka da "na samu IP ɗinka, na san gidanku". Kana Kano da datar MTN, sau tari Legas za ta nuna, kuma mutane da yawa ke tarayya a lamba ɗaya.

Abin tsoron ma manhajar ce kanta. In ta nemi izinin karanta duk shafin da ka buɗe, goge ta kawai. Nuna IP ba ya buƙatar haka.