Kayan Aro a Birnin Ikko

A wannan wata muna so mu yi zance a kan wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Gidi Up. Gidi laƙabi ne da samari suke yi wa birnin Ikko. An fara nuna wasan a shekarar 2013, kashi na biyu kuma ya fito a 2014. Kamfanin Ndani TV, wanda bankin GTBank ya kafa, shi ya shirya shi, Jadesola Osiberu kuwa ita ce ta ba da umarni. Wasan ya kwana biyu, amma abin da ya nuna yana nan tare da mu.

Labarin abokai huɗu ne, kowa da burinsa. Obi yana aiki a gidan rediyo. Da ya ga alamar babban aiki zai samu, sai ya ci bashi a hannun mutumin da ba ya jin "yi haƙuri", don ya yi rayuwa irin ta manya tun kuɗin ba su shigo ba. Yvonne mai tsara tufafi ce, tana da gwaninta, amma ta jingina ga wani attajiri da ya isa haifarta. Tokunbo yana fama ya kafa kamfaninsa. Eki kuwa ɗaukar hoto take so, iyayenta ba su ga abin kirki a ciki ba, har ta bar gida.

Da wasan ya fito, mutane da yawa sun yaba kyan hotonsa. Waɗansu sun yi gunaguni cewa kashin farko gajere ne ƙwarai, kafin mutum ya gyara zama an gama. A kashi na biyu aka tsawaita shi zuwa wajen rabin sa'a, aka kuma sake waɗansu 'yan wasa. Wannan duka zancen masu sana'ar ne. Mu abin da ya dame mu shi ne abin da yaro yake ɗauka ya tafi da shi bayan an kashe akwatin.

Mu malamai mun saba da wannan. Ka tambayi ɗalibi abin da ya gani a irin wannan wasa, sai ya ba ka labarin mota da riga da gidan rawa, bai bar kome ba. Ka tambaye shi ina Obi ya sami kuɗin, sai ya yi shiru. Masu wasan ba su ɓoye wahalar ba, sun nuna ta sarai. Amma ido ya fi saurin kama ƙyalli. Yaron nan kuwa wata rana zai shiga mota ya tafi Ikko ko Abuja ko Kaduna neman aiki, da hoton nan a kansa.

Kada mu ɗora wa talabijin laifin duka. Sau nawa ɗiyarmu takan dawo hutu da wayar da ta fi albashinmu na wata uku, mu karɓi tsaraba mu sa albarka, ba mu tambaya ba? Sau nawa mukan ce wa ɗa, "Dubi sa'anka ya gina gida," alhali ba mu san abin da sa'an nan ya taka ba? Iyayen Eki ma darasi ne a gare mu. Yarinyar sana'a take so ta yi, ba ɓarna ba. Da sun zauna sun saurare ta, da ba ta fita da fushi ba. Yaron da aka rufe wa ƙofa a gida yakan shiga kowace ƙofa da ya tarar a buɗe.

Shawararmu ita ce, in irin wannan wasa ya zo, kada mu kore su, kada kuma mu bar su su kaɗai. Mu zauna mu kalla tare. In an gama mu tambaye su: wa ya biya kuɗin motar nan, me kuma zai nema a madadinsa? Mu faɗa musu gaskiyar albashinmu, da shekarun da muka yi kafin mu sayi keke. In ɗa ya zo da sana'ar da ba mu saba da ita ba, mu bincika kafin mu hana. Mu kuma tabbatar masa cewa in ya je birni abin bai yiwu ba, yana iya dawowa gida hannu wofi ba mai yi masa dariya. Tsoron dariyar nan ne yake kai da yawa ga bashi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.